Sharhi: Takarar kansila da alƙawarin buɗe littafin kuɗin ƙaramar hukuma

A ranar 11 ga watan Yulin 2024 ne Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye daga Asusun Tarayya. Tun daga lokacin, duk mai neman kujerar kansila ko ta shugaban ƙaramar hukuma ya samu abin riƙewa idan ya ce zai yi takara a kan gaskiya da riƙon amana. Sai dai kafin mai zaɓe ya karɓi wannan alƙawari, ya kamata ya san iyakar ƙarfin kujerar da ake nema.

Kuɗin da ake magana a kansu ba kaɗan ba ne. Ƙananan hukumomi na da kashi 20.6 cikin 100 na abin da ake rabawa daga Asusun Tarayya, da kashi 35 cikin 100 na harajin VAT. Shekara da shekaru kuɗin na bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanada, inda gwamnoni ke da ta cewa. Wannan ne Antoni-Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya ƙalubalanta. A hukuncin da Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, kotun ta haramta wa gwamnoni riƙe kuɗin, ta kuma hana a bai wa kantomomin riƙo ko sisin kwabo.

Yanke hukunci daban, aiwatar da shi daban. Watanni uku kacal bayan haka, Jihar Anambra ta kafa dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumominta mayar da wani kaso na kuɗin zuwa asusun da jiha ke da hannu a ciki.

Babban shingen ma yana gaban wannan, wato a ƙofar shiga. Tsarin mulki bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole sai jam'iyya ta tsayar da mutum, kuma hukumar zaɓe ta jiha, wadda gwamna ke naɗa shugabanninta, ita ke shirya zaɓen. A watan Oktoban 2024 jam'iyyar APC ta lashe dukkan ƙananan hukumomi 23 da kujerun kansila 255 a Kaduna, yayin da NNPP ta kwashe 44 da kujerun kansila 484 a Kano. A Ribas kuwa, Kotun Ƙoli ce ta soke zaɓen gaba ɗaya a watan Fabrairun 2025. A Kano ɗin, da farko hukumar zaɓe ta sanya naira miliyan 5 a matsayin kuɗin fom ɗin kansila kafin batun ya kai kotu, adadin da ya yi daidai da iyakar abin da Dokar Zaɓe ta 2022 ta amince ɗan takarar kansila ya kashe a yaƙin neman zaɓensa duka a Babban Birnin Tarayya. A can Abuja, inda INEC ke shirya zaɓen, APC da PDP sun raba ƙananan hukumomi shida uku-uku a 2022.

Wanda ubangidan siyasa ya biya wa kuɗin fom, da wuya ya buɗe baki ya tambayi ubangidan ina kuɗin jama'a suka shiga.

Duk da haka, kansila ba ɗan kallo ba ne. Majalisar kansiloli ce ke amincewa da kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, don haka yana da hurumin ganin takardar kafin a sa mata hannu, ya kuma karanta wa mutanen mazaɓarsa abin da aka ware musu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na wallafa abin da aka raba wa kowace ƙaramar hukuma wata-wata, kuma duk mai waya da intanet zai iya gani. Aikin kansila shi ne ya kwatanta wannan adadi da abin da ya iso baitulmalin ƙaramar hukuma bayan an cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka gabatar a rubuce, kuma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan jihohi ma.

Akwai kuma inda ba gwamna ba ne ke riƙe da makulli. Tsarin mulki ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, kwashe shara da rajistar haihuwa da mutuwa. Kuɗin rumfa da na tasha, waɗanda ake karɓa hannu da hannu, wani lokaci da rasit wani lokaci babu, su ne suka fi kusa da talaka, su ne kuma aka fi ƙarancin jin lissafinsu. A nan ne za a fi saurin gane ɗan takarar da ke da gaske. Wanda ya ce zai riƙa liƙa jimillar kuɗin kasuwar mazaɓarsa a ƙofar ofis kowane wata ya faɗi abin da za a iya kama shi a kai. Wanda ya tsaya a kan "zan yi adalci" bai faɗi komai ba tukuna.

Abin da ba a cika faɗa a dandalin kamfe ba shi ne tsadar wannan hanya. Alawus ɗin kansila ta hannun ɓangaren shugaban ƙaramar hukuma yake fitowa, kuma abokan aikinsa na iya haɗa kai su dakatar da shi idan ya cika tambaya. Daga ƙasa ma akwai matsi, domin da yawa daga masu zaɓe da gudummawar suna da biki da kuɗin asibiti suke auna kansila, abin da albashinsa ba zai ɗauka ba sai ya nemi wata kafa. Fom ɗin bayyana kadarori da doka ta wajabta masa ya cike wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata kuwa, a ofishin hukumar yake zama, sai fa idan shi da kansa ya ga dama ya nuna wa mutanen mazaɓarsa.