Wuƙar aljihun kaka: A san darajarta kafin a miƙa wa dillali

Idan dattijo ya rasu aka zo rabon gado, hankalin magada kan tafi ga gida da gona da dabbobi. Tarkacen da ke cikin adaka kuwa, irin su tsohon agogo da lambar soja da 'yar wuƙar aljihu mai ninkewa, sai a zube su gefe. Daga nan ko dai yara su kwashe, ko kuma 'yan gwangwan su saye su a farashin ƙarfen kilo.

Wannan sakaci ne, kuma asararsa biyu ce. Akwai ta haƙƙi, domin duk abin da mamaci ya bari, komai ƙanƙantarsa, dukiyar magada ce da ya kamata a yi wa ƙima. Akwai kuma ta tarihi, domin wataƙila wuƙar ce kaɗai shaidar da ta rage ta inda mai ita ya je da sana'ar da ya yi.

Irin waɗannan wuƙaƙe ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa sun cika kasuwanni da kayan ƙarfe na Ingila da Jamus. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma, dubban 'yan Arewa sun yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Wuƙar aljihu tana cikin kayan da rundunar Birtaniya ke raba wa sojoji a wancan zamani, kuma galibi ana buga mata sunan kamfani da shekara da wata alama mai kama da kan kibiya, wadda ke nuna kayan gwamnati ne.

Don haka abu na farko shi ne a buɗe wuƙar a duba gindin ruwanta, kusa da inda take ninkewa. Nan maƙera ke buga tambarinsu. Idan an ga Sheffield, daga birnin maƙeran Ingila ta fito, inda kamfanoni irin su Joseph Rodgers, mai tambarin tauraro da gicciye, da George Wostenholm, mai tambarin IXL, suka yi suna. Idan Solingen ce, ta Jamus ce.

Rubutun yana kuma taimakawa wajen gane shekaru. Dokar harajin Amurka ta 1890 ta wajabta rubuta sunan ƙasar da aka ƙera kaya, shi ya sa wuƙar da ke ɗauke da kalmar England galibi bayan wannan shekara aka yi ta. A 1913 ne Harry Brearley ya samar da ƙarfe marar tsatsa a Sheffield, saboda haka wuƙar da aka rubuta wa Stainless ba ta girmi wannan lokaci ba, ko da mai ita ya rantse tun zamanin Shehu take. Okapi, wadda kusan kowa ya sani, an fara ƙera ta a Solingen a 1902, sannan aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Wadda ke da tambarin Jamus ta girmi wadda ke da na Afirka ta Kudu ke nan.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, tsufa kaɗai ba ya kawo kuɗi. Okapi wuƙar talaka ce da aka ƙera da yawan gaske, kuma abin da ya yi yawa ba ya tsada. Masu tara kayan tarihi suna duba sunan maƙeri, da ƙarancin irin wuƙar, da lafiyarta, da abin da aka yi ƙotarta da shi, sannan da shaidar wanda ya mallake ta. Yawancin wuƙaƙen da ke cikin adakokin gidaje ba za su sayi buhun shinkafa ba. Kaɗan ne ke da tsada, kuma ba a gane su sai an bincika.

Babban kuskuren da ake yi shi ne gyara. Magaji ya ga wuƙa ta yi baƙi, sai ya kai wa mai wasa wuƙa ya ɗora ta a kan inji, ko ya sa sanfefa ya goge ta har ta yi ƙyalli. Garin neman gira an rasa ido. Injin yana cinye ruwan wuƙar, yana shafe tambarin, kuma wannan baƙin da aka kankare yana cikin abin da mai saye ke nema, domin shi ne shaidar ba a taɓa ta ba. Ƙarfen da ya tafi ba ya dawowa.

Kulawar da take buƙata ba ta da yawa. A goge ta da tsumma mai laushi, a ɗiga man keken ɗinki a gaɓarta, a shafa kaɗan a ruwanta. Jar tsatsa mai cin ƙarfe ce ake tsayarwa da mai, ba baƙin tsufa ba. Kada a bar ta cikin kuben fata, domin fata na riƙe laima a damina. Ƙotar ƙaho ko ƙashi kuma tana tsagewa idan zafin rana da bushewar hunturu suka yi mata yawa. Wasu tsofaffin wuƙaƙe an yi ƙotarsu da seluloyid, wata robar farko-farko da idan ta fara lalacewa take fitar da iska mai cin ƙarfe. Irin wannan a ajiye ta ita kaɗai, inda iska ke shiga.

Wani zai ce, a wannan tsadar rayuwa wa ke da lokacin ajiye tsohon ƙarfe? Maganarsa tana kan hanya. Sayar da abin gado ba abin kunya ba ne, musamman idan akwai marayu ko bashi a kan mamaci. Abin da ba daidai ba shi ne sayarwa cikin duhu. A ɗauki hotonta a buɗe da a rufe, da hoton tambarin. A nemi irinta a intanet, amma a duba farashin da aka saya, ba wanda mai kaya ya sa ba. A ji ta bakin dillalai biyu ko uku, kuma kada wanda zai saya ya zama shi kaɗai ne mai yin ƙima. Duk wanda ya turo saƙo daga waje yana neman a fara biyan kuɗin rajista ko na jigila, a yi hattara da shi.

Doka ma tana da abin cewa. Idan ƙotar ta hauren giwa ce, yarjejeniyar CITES ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, Birtaniya kuma ta ƙara tsaurarawa da dokarta ta 2018. Idan kuma wuƙar ƙirar maƙeran gida ce da aka yi kafin 1918, dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Najeriya ta 1979 tana iya ɗaukarta a matsayin kayan tarihi, waɗanda ba a fitar da su daga ƙasa sai da izini.

Mafita mafi kyau a gidaje da yawa ita ce a yi wa wuƙar ƙima a gaban kowa, ɗaya daga cikin magada ya ɗauke ta a cikin rabonsa ko ya biya sauran. Haƙƙi ya fita, wuƙa ta zauna a gida. Sannan a zauna da tsofaffin da suka rage a tambaye su: a ina ya same ta, da ita yake fiƙe alƙalami ko yanka fata? A rubuta amsar a takarda, a ajiye tare da ita. Takardar za ta ƙara mata kuɗi idan an tashi sayarwa, idan kuma ba a sayar ba, jika zai san abin da ya riƙe a hannunsa.