Ra'ayinmu: A Tanadi Tsufan Masu Tsaron Dutsin-Ma da Kurfi

Mutanen Dutsin-Ma da Kurfi sun san darajar waya a daren tashin hankali. A watan Satumban 2021, da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da nasu, sun ga yadda ake kwana cikin fargaba babu inda za a kira. Yanzu layi ya dawo, mai neman agaji yana iya buga 112, ma'aikaci ya ɗauka ya tura 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana. Tun watan Oktoban 2023 kuma, dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar suna fafatawa da 'yan bindiga a dazuka. To, in ƙarfi ya ƙare, me ke jiran waɗannan bayin Allah?

Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya riƙa zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, mai ɗaukarsa aiki ya zuba 10. An cire sojoji daga tsarin, an bar 'yan sanda. Shi ya sa tsofaffin 'yan sanda suka yi zanga-zanga a Abuja a watan Yulin 2025, suna cewa bayan shekara 35 suna aiki, abin da suke karɓa ba ya riƙe gida.

Masu kare tsarin ma suna da hujja. Kafin gyaran fansho na 2004 da ya kawo tsarin, bashin fansho ya yi wa gwamnati katutu, tsofaffi suna wuni a layi su koma hannu rabbana. Baitulmalin jiha kuma yana ɗauke da albashi da makarantu da asibitoci.

Duk da haka, kaso daga ƙaramin albashi ƙaramin fansho yake haifarwa. A ganinmu, kada a rushe tsarin, a gyara shi: a ƙara kason gwamnati ga masu aikin haɗari, har da mai amsa kiran gaggawa da ke kwana yana sauraron kukan jama'a. Majalisar Dokokin Katsina kuma ta fayyace a doka fansho da inshorar rai na dakarun al'umma, tare da wa'adin biyan magadansu. Wanda ya sayar da ransa don jama'a su yi barci bai cancanci bara a tsufansa ba.