Wa zai tsaya wa majinyaci shaida a kotu?

Edita,

Don Allah ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci a kan wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wato wahalar samun likitan fiɗa da zai ba da shaida in an kai ɗan'uwansa ƙara kan sakaci.

Jama'a su sani, alƙali bai karanci aikin likita ba. In an ce likita ya yi ganganci a ɗakin tiyata, sai wani ƙwararre ya zo ya bayyana wa kotu yadda aikin ya kamata ya kasance. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a saurari ra'ayin irin waɗannan ƙwararru. To amma ina talaka zai samo su?

Mu dubi abin da ya faru da wata baiwar Allah da aka yi wa aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Binin. Bayan aikin ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, da aka ɗauki hoto sai ga karyayyar allura a cikinta. Aka sake buɗe ta, ba a fitar da allurar ba. Ta kai ƙara ta sha kaye, ta ɗaukaka, har Kotun Ƙoli a 2006, inda Mai Shari'a Niki Tobi ya karanta hukunci, nan ma ba ta yi nasara ba. Likitocin sun yi bayanin cewa allura kan karye ko da an yi hattara, ita kuwa ba ta kawo likita ko ɗaya da zai warware zancensu ba. Ga allura a hoto, amma babu mai fassara wa kotu ita.

Wannan tsari gadonsa muka yi daga Ingila. Tun shari'ar Bolam ta 1957 aka kafa cewa likita bai yi sakaci ba muddin ya bi hanyar da wasu ƙwararrun likitoci masu mutunci suka yarda da ita. Ka ga ke nan likitoci ne ma'aunin likitoci. Su kansu Turawan sun ga gyara. A shari'ar Bolitho ta 1997 aka ce dole ra'ayin ƙwararren ya zama hankali zai ɗauka, in ba haka ba alƙali ya yi watsi da shi. Daga 1999 kuma ƙa'idar kotunansu ta ce haƙƙin kotu a kan mai shaida ya fi na wanda ya biya shi kuɗi.

A nan gida fa? Likitocin fiɗa ba su da yawa, kusan duk sun san juna. Wannan malamin wancan ne, wancan ajinsu ɗaya. Wa zai yarda ya ɓata da mutumin da gobe zai iya zama mai jarraba shi ko mai sa hannu a ƙarin girmansa? Shi ya sa dangi da yawa sukan ce kawai sun bar wa Allah.

Ba ina cewa duk mutuwa a asibiti laifin likita ba ne. Likitocinmu suna aiki cikin ƙarancin kaya da ɗaukewar wuta, kuma shaidar gaskiya ita ce za ta wanke wanda aka yi wa ƙage. Saboda haka ina kira ga Hukumar Kula da Likitoci ta Ƙasa da Ƙungiyar Likitoci ta Nijeriya da su tanadi jerin sunayen manyan likitocin fiɗa, musamman waɗanda suka yi ritaya, da kotu za ta riƙa kira daga wata jiha, gwamnati ta ɗauki nauyinsu in mai ƙara ba shi da hali.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Likitan da ya yi shiru yau ya tuna wata rana shi ko ɗansa ne zai kwanta a kan gadon nan.



Mai karatunku a kullum,
Tudun Wada, Zariya.