Tarin ƙarfe ba shi ne ilimi ba

Matashin da ya ƙudurta koyon aikin haɗa kwamfutoci yakan fara da kallon hotuna. Yana ganin ɗakunan gwajin mutanen Amurka da Turai, na'urorin Cisco an gibge su tun daga ƙasa har kusan rufi, fitilu na ƙyaftawa, sai ya ɗauka cewa ba zai iya aikin ba sai ya tara irinsu. Daga nan a shiga neman wanda zai je Kwatano ko Computer Village ta Ikeja a Legas. Ni a ganina, ga ɗalibin da ke zaune a Parakou ko Djougou, wannan hanya ce ta ɓarnar kuɗi, kuma ina da dalilai.

Bari mu fara daidaita kalmomi. Suwic ita ce ke haɗa kwamfutocin gida ɗaya su yi magana da juna. Rauta kuwa tana tsaye ne a mahaɗar hanyoyi, tana duba adireshin kowane ƙunshin saƙo ta zaɓa masa inda zai bi. Mutumin unguwar Gare ba ya bukatar dogon bayani a nan. Layin dogon da ya taso daga Kwatano, mai tsawon kilomita 438, a Parakou ya tuƙe, kuma shekara da shekaru a nan aka riƙa sauke kayan Nijar ana ɗora wa manyan motoci su nufi Malanville da Gaya. Kaya ɗaya ne, hanya ce ta sauya. Aikin rauta ke nan.

Abu na farko da hotunan nan ba sa nunawa shi ne kuɗin wuta. Tsohuwar rauta irin Cisco 2811, wadda ta fito tun 2004, an ƙera ta ne don ɗakin ofis mai sanyi da wuta tsayayya. Idan mutum ya jera irinta uku da suwic uku, a ce gaba ɗaya suna jan wat 200, ya kunna su awa 5 a rana, to kilowat-awa 30 ke nan a wata, a mitar SBEE da maigida ke saka wa kati. Ba za a yi nisa ba a tambaye shi ko injin niƙa ya girka a ɗaki. Ga ƙarar fanka wadda ba ta barin kowa barci. Ga ƙurar hunturu da fankar ke zuƙa tana cusawa ciki daga Disamba zuwa Fabrairu, sannan zafin bazara ya biyo baya. Araha ba ta ado: na'urar da aka saya da rahusa a gwanjo, cinta ya fi kuɗinta.

Na biyu, mafi yawan abin da ake son koya a jikin ƙarafan nan ana koyonsa a cikin kwamfuta ɗaya. Packet Tracer na kamfanin Cisco kyauta ne ga duk wanda ya yi rajista da makarantarsu ta intanet, kuma ya wadatar da kaso mai yawa na shirin jarrabawar CCNA, wadda aka sabunta a Fabrairun 2020 da lamba 200-301. A cikinsa ɗalibi zai jera rauta goma ya lalata tsarinsu ya sake ginawa, bai ƙona komai ba. Wanda ya zarce nan akwai GNS3 da EVE-NG. Su kuma ƙwaƙwalwar kwamfuta suke ci, saboda haka kuɗin da za a ba dillalin gwanjo gara a ƙara wa kwamfutar cinya ƙwaƙwalwa ta kai gigabait 16, a sake mata batir mai rai. Ranar da aka ɗauke wuta, ita kaɗai za ta ci gaba da karatu.

Masu son ƙarfe suna da hujja, ba na raina ta. Sukan ce hannu ma yana da nasa karatun, kuma gaskiya ne. Manhaja ba ta koya wa mutum yadda ake fere waya a jera silalanta takwas bisa launi a matse kanta. Ba ta nuna masa ramin suwic da ya mutu, ko wayar da ɓera ya ci a cikin rufi, ko dalilin da ya sa aka ce kada tsawonta ya wuce mita 100. Amma wannan hujja ta suwic ɗaya ce mai karɓar umarni, irin Catalyst 2960, da wayar shiga cikinta, da filaya ta matse kai, da ɗan abin gwada waya. Darasin da ke bukatar suwic biyu ko uku, abokai su haɗa nasu ranar Lahadi. Mutanen da suka iya adashi ba sa bukatar a koya musu wannan.

Sai abin da na fi nauyayawa: wa zai biya ka idan ka iya? Ɗan Djougou, garin da fataken goro suka riƙa yada zango a kan hanyarsu daga Kano zuwa Gwanja, ya san ba a ɗaukar hajar da kasuwa ba ta nema. Babban banki ko kamfanin waya, irin MTN da Moov da Celtiis, ba kowa zai samu shiga ba a farkon tafiya. Aikin da ke kusa shi ne na otal da makaranta da ɗakin shan magani da mai sayar da tikitin intanet a unguwa, kuma a irin waɗannan wurare ƙananan na'urorin MikroTik, kamfanin ƙasar Latbiya, sun yi kaka-gida. Ɗaya daga cikinsu, hAP lite, ba ta fi tafin hannu ba, ba ta da fanka, ba ta jan wat 5, har batirin cajin waya yana iya riƙe ta. Duk da haka a cikinta ana koyon raba adireshi, da gina katangar tsaro, da ƙayyade wa kowa rabonsa na intanet. Wanda ya ƙware a kanta zai iya samun aikin yini a kusa da kasuwar Arzeke kafin ya taɓa zama jarrabawa.

Idan an zo sayen suwic ɗin gwanjo, kada a yi cinikin biri a sama. A kunna ta a gaban mai ita, a shiga cikinta, a tabbatar ba a kulle ta da kalmar sirri ba, a bi ramukanta ɗaya bayan ɗaya da waya. A karanta rubutun jikin caja, domin wutarmu 220 ce, wasu ƙananan cajojin Amurka kuwa na 110 ne. A ware wani abu don abin daidaita wuta, kuma a zare komai daga bango idan hadari ya taso.

Kada kuma a jona kayan gwaji da layin da mutanen gida ke amfani da shi. Rautar ɗan koyo tana iya soma raba adireshin banza ga kowace waya a gidan, intanet ya tsaya cak, alhali Hajiya na tsakiyar magana da ɗanta na Abijan.