Fim Ɗin Da Har Yau Kannywood Ta Kasa Yi Mana

Jama'a, akwai maganar da ta daɗe tana cina, yau dai sai na faɗa. Mai zagi ga fili nan a ƙasa.

Sama da shekara 30 ana yin fim ɗin Hausa, amma har yau ban ga wanda ya kalli mace mai zaman kanta a matsayin mutum ba. Kullum hoton ɗaya ne: cingam a baki, sigari a hannu, ta kashe auren wani Alhaji, a ƙarshe ko ciwo ya kwantar da ita ko ta tuba cikin minti biyu, a saka waƙa, shi ke nan. Ba a nuna ranar sallar da ba ta da gidan zuwa. Ba a nuna yaron da ta baro wa kakarsa a ƙauye, ana ce masa uwarsa tana aikatau a birni. Shi kuwa mai biyan kuɗin, ko inuwarsa ba ka gani.

Ku duba Oloture, na Kenneth Gyang ɗan Jos, wanda ya fito a Netflix a 2020. 'Yar jarida ce ta ɓad da kama ta shiga cikin irin waɗannan mata a Legas don ta tona asirin masu safarar su zuwa Turai. Wallahi ba wanda zai gama kallonsa ya ji sha'awar wannan rayuwa. Tsoro ne zai kama ka, da tausayi.

Mu kuwa ba sai mun je Legas neman labari ba. Duk mai bin titin Zariya daga Ƙafin Maiyaki ko Kwanar Ɗangora zuwa Kano ya san Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir. Hisba ta sha kai sumame, a kwashe su, baɗi a tarar da wasu. Daga ina suke fitowa? Daga gidajenmu. Wata auren dole ta gudo wa, wata an sake ta da goyo tun ba ta kai ashirin ba, ta koma gida aka ce ba wurin kwana.

Ga kuma ɓangaren da ba a son a tuna, wato siyasa. Bayan kafa NEPU a Kano a 1950, lokacin matan aure suna kulle, matan gidan magajiya na cikin waɗanda suka riƙe reshen mata na jam'iyyu, NEPU da NPC duka, haka ma a Maraɗi da sauran garuruwan Nijar. Su ne masu guɗa, su ne masu girkin taro, in rikici ya tashi da su ake shan duka. Kuma ko ƙuri'a ba su da ita, don matan Arewa ba su samu damar zaɓe ba sai 1976. Shi ya sa duk macen da ta fito siyasa a lokacin, har irin su Hajiya Gambo Sawaba, abokan hamayya suke jifan ta da wannan suna don su rufe mata baki.

Yau me ya canja? Kamfe ya zo, a ɗinka musu atamfa mai hoton ɗan takara, a cika motoci da su. An rantsar da gwamnati, su ne farkon kamu. Ku yi tunanin macen da danginta suka yafe ta, ba ta da kowa sai jam'iyya, katin jam'iyyar nan shi ne kaɗai takardar da ke cewa ita ma 'yar wani wuri ce. In wannan bai isa labarin fim ba, mene ne zai isa?

Na san za a ce yaɗa alfasha ne, kuma Hukumar Tace Fina-finai, wadda ke aiki tun 2001, ba za ta bari ba. To ai nuna cuta daban, tallarta daban. Ba sai an nuna tsiraici ko ɗakin kwana ba. Asghar Farhadi na Iran ya ci kyautar Oscar sau biyu, a 2012 da 2017, matan fina-finansa da lulluɓinsu, a ƙasar da tacewarta ta fi tamu tsauri. Abin da ya rage mana zurfin rubutu ne da ƙarfin hali.

Malam Aminu Saira, Ali Nuhu da kake shugabantar hukumar fina-finai ta ƙasa, da ku marubuta, ga ƙalubale. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Uban da ke shirin korar 'yarsa bazawara, wataƙila fim ɗaya ya sa ya sake tunani.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya rufa wa 'ya'yanmu mata asiri.