AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Jama'a, 'yan'uwa talakawa, yau maganarmu a kan 'yan bindigar daji take. Kuka kam an sha shi, ba shi ya kawo mu ba. Tambaya guda muka zo da ita: cikin manyan da ke riƙe da wannan mugun ciniki, mutum nawa kuka ga an tsayar gaban alƙali a bainar jama'a?

Mun ce ciniki, don kuwa ciniki ne. Wanda ke daji da bindiga ba shi ya ƙera ta ba. Akwai mai kawo masa harsashi, akwai mai kai masa fetur ɗin babur, akwai mai tsegunta masa cewa wane ya sayar da sa biyu ran kasuwa, akwai kuma mai karɓar shanun sata ya loda a mota ya kai su nesa. Ku da kuke kasuwa kun fi kowa sani, haja ba ta tafiya sai da dillali. Da ɗan gari kan ci gari.

Hukuma ma ta san haka. A shekarar 2019 gwamnatin Zamfara ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, M. D. Abubakar. Kwamitin ya ce daga 2011 zuwa 2019 an kashe mutum fiye da 6,000 a jihar, an sace fiye da 3,000, an biya fansa sama da naira biliyan 3. Ya kuma ba da shawara a tuɓe sarakuna 5 da hakimai 33. A 2022 an tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau bisa zargin hulɗa da 'yan bindiga. To, madalla. Amma tuɓe rawani ba shari'a ba ce. In mutum na da laifi a kawo shaidu a hukunta shi, in ba shi da shi a wanke shi kowa ya ji.

Ku tuna da Ƙanƙara. Daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta garin. Wanda ya jagoranci wannan aika-aika, Auwalun Daudawa, ya zo Gusau a Fabrairun 2021, ya miƙa bindigogi, ya yi rantsuwa, aka ce ya tuba. Watanni uku ba su cika ba ya koma daji, can abokan gabarsa suka kashe shi. Ya tafi da duk abin da ya sani: wanda ya sayar masa da makamai, da wanda ya nuna masa hanya. Alƙali bai taɓa tambayarsa ko kalma ɗaya ba. A cikin watan nan da aka ce ya tuba aka sace 'yan mata 279 a Jangebe.

Ku tuna kuma da 'Yandoton Daji. A Yulin 2022 aka naɗa wa Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani da rana tsaka, alhali tun 2020 'yan sandan Katsina suka sa ladar naira miliyan 5 ga wanda ya taimaka aka kama shi. Jama'a suka yi ca, aka dakatar da sarkin da ya yi naɗin. Haba! Wanda ake nema ruwa a jallo ya zo fada ya sha rawani ya koma gida lafiya, ina amfanin ladar?

To, ga abin da ya sami talaka. A Satumbar 2021 aka rufe kasuwannin mako a Zamfara, aka yanke layukan waya, aka hana sayar da fetur a jarka da safarar dabbobi. Maƙwabtan jihohi suka bi sahu. An ce don a hana ɓarayi abinci ne. Amma wa ya fara kwana da yunwa? Mai tallan ƙuli-ƙuli ce, da ɗan koli, da mahauci, da ɗan dako, da manomin da ke da buhun gero ba inda zai kai shi. Ɓarayin kuwa suka ƙara gaba. A Oktoban shekarar suka faɗa kasuwar Goronyo ta jihar Sakkwato suka kashe mutum fiye da 40. Wannan shi ne a bar jaki a daki taiki.

Wasu za su ce sulhu ya fi, tunda yakan sa a yi noma damina ɗaya. Ba mu raina wannan magana ba. Wanda ɗansa ke hannun ɓarayi, ko gonarsa ke bakin daji, ba mai ikon zarginsa. Amma sulhun da ba shari'a a bayansa koya wa yara yake cewa bindiga ta fi fartanya riba. Doka kuwa ba ta rasa ba: a Nuwambar 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce waɗannan ƙungiyoyi 'yan ta'adda ne. Duk da haka a Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, a Maris 2024 aka kwashe yaran makarantar Kuriga.

Mu ma kada mu wanke kanmu sarai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya sayi saniya rabin kuɗinta ya san inda ta fito. Kuma kashe makiyayi a kasuwa ba bincike, don kawai Bafillace ne, kamar yadda waɗansu 'yan sa-kai suka riƙa yi, shi ya ƙara wa wutar itace. Makiyayi ma talaka ne, shi aka fara sace wa shanu. Shari'ar da muke nema wa kanmu, ita muke nema masa.

Saboda haka ga abin da muke so. Na ɗaya, duk wanda aka kama, ko mai rawani ne ko mai kaki, a kai shi kotu a fili, a buga sunansa da hukuncinsa da Hausa. Na biyu, kada a sake rufe kasuwa sai an zauna da shugabannin 'yan kasuwa. A tsare ta da jami'ai, a riƙa rubuta mai dabba da mai saye. Na uku, a kare wanda ya ba da labari, don ba mai buɗe baki in ya san kafin magariba maganarsa ta isa daji.

Duk mai neman ƙuri'arku da ya shigo rumfarku, ku ba shi tabarma, ku yi masa tambayar nan da muka fara da ita, kada ku karɓi gishiri ko atamfa a madadin amsa. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu, Ya maido da na hannun ɓarayi gida lafiya. Amin.