Hutun 1 ga Oktoba a Kan Sirdin Keke

Yau da tambaya zan fara, kuma kai nake yi wa, maigida: yaya ka yi hutun 1 ga Oktoban da ya wuce? In ban yi kuskure ba, ka koma barci bayan asuba, ka tashi wajen ƙarfe goma, ka sha kunu da ƙosai a gaban talabijin, sannan waya ta cinye sauran yinin. Yara kuwa suna ɗaki, kowa ya duƙufa a kan tasa wayar. Ba zarginka nake yi ba, domin shekara da shekaru haka nawa hutun yake.

Abin da ya sauya min shi awon jini ne. Watannin baya likita ya gwada ni sau biyu a ranaku daban-daban, duk jinina ya haura 140 bisa 90, wato iyakar da daga nan ake kiransa hawan jini. Ya rubuta min magani, ya ce in rage gishiri, in kuma tashi daga kujera. Da zafi-zafi na sayi keke, na hau kwana uku, na jingine shi a zaure har ƙura ta rufe sirdin. Ɗana mai shekara 13 ne ya dame ni: "Baba, ka ce ranar hutu za mu fita gari da kekuna." Alkawari kaya ne. Ranar 1 ga Oktoba muka kama hanyar Dass daga cikin garin Bauchi, da niyyar mu kai inda ƙarfinmu ya kai, mu juyo.

Bari in faɗa maka kurakuraina tun yanzu, don kada ka maimaita. Mun shirya fita ƙarfe shida, ba mu fita ba sai takwas ta gota. Ban karya kumallo ba, wai don in rage tumbi. Gorar ruwa ɗaya na ɗauka mana mu biyu. Ban duba tayoyi ba, ban ɗauki famfo ba.

Da muka wuce Yelwa gidaje suka ragu, gonaki suka buɗe. Damina na bankwana, dawa ta fitar da kai, ana ta gasa masara a bakin titi. Yaron nan sai tambaya yake yi, wannan wace shuka ce, wancan wane dutse ne. Nan na gane cewa ɗan da na haifa bai san bambancin gero da dawa a gona ba. Laifin wa? Nawa.

Bayan kamar awa ɗaya da rabi rana ta ɗaga, ga zafin nan na ƙarshen damina mai sa gumi ya jiƙa mutum sharkaf. Ruwa ya ƙare. Kaina ya fara sarawa, ƙafafuna suka yi nauyi, na soma ganin jiri. Ana cikin haka tayar baya ta sace. Haka muka tura kekuna zuwa wani ƙaramin gari da ke gaba, ina tafe ina dafa sirdi kamar sanda.

Tun kafin mu shiga muka jiyo ganga. A filin makarantar firamare 'yan makaranta sun yi layi aji-aji, ana shirin maci. An ɗaura tuta mai kore da fari da kore a jikin doguwar gora. An shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, an ajiye wa mai gari da hedimasta kujeru. Ba lasifika, ba jiniya, ba motar wani babba da ake jira. Mata na gefe da bokitan kunun zaƙi da farantan dafaffiyar gyaɗa.

Mai facin garin ma yana wurin kallo, amma da ya ga halin da muke ciki ya taso ya karɓi keken. Wani dattijo da ke zaune kusa ya dube ni, ya ce, "Malam, kai ne ka fi bukatar faci, ba keken ba. Zauna a inuwa." Ya aika jikansa ya kawo ruwa a kwanon sha, ya sa na kwance maɓallan riga na jiƙa kai da wuya, ya ce in sha da kaɗan-kaɗan. Sannan aka kawo fura. Na zaro kuɗi, ya ce in mayar, yau ranar ƙasa ce, kuma baƙo ba ya sayen ruwa a garinsu.

Da aka tashi rera taken ƙasa, sai na ga dattijon ya miƙe tsaye cak, yana bi tiryan-tiryan, ya ma fi yaran iyawa. Ka tuna a watan Mayun 2024 aka dawo da tsohon taken da aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Shi wannan take a aji ya koya, yana ɗan firamare, a shekarar da Turawan Ingila suka miƙa mulki. Ya zaunar da ɗana ya ba shi labarin 'yan ƙananan tutocin da aka raba musu a ranar, da yadda malaminsu ya gaya musu cewa Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan ƙasar Bauchi, shi ma da koyarwa ya fara. Yaron da kullum muke wucewa ta gaban kabarin Tafawa Ɓalewa a mota bai taɓa tambaya ba, ranar sai ga shi yana cewa in kai shi ciki ya gani.

Ga abin da ya fi tsaya min a rai. Da aka watse, dattijon nan da ya haura saba'in ya jawo wani tsohon keke Raleigh, ya ɗaura fartanya a baya, ya haye ba tare da ya dafa kowa ba, ya nufi gona. Ni da ya haifa, ko kusa da haka, ina zaune ina haki. Shi motsa jiki ba wani shiri ba ne da ake ware wa rana, rayuwarsa ce. Mu 'yan birni daga mota sai ofis, daga ofis sai kujera, ranar hutu kuma sai gado.

To, maigida da uwargida, ga abin da nake so ku ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato kamar minti 30 sau biyar. Yaro mai shekara 5 zuwa 17 kuwa awa ɗaya yake bukata a kullum. Matsakaici shi ne wanda numfashi zai ɗan ƙaru, amma kana iya hira da na kusa da kai. Keke ya dace da wannan, domin sirdi ne ke ɗauke da nauyin jiki, gwiwa ba ta shan wahalar da take sha a gudu. Yana taimakawa wajen saukar da hawan jini da daidaita suga, amma ba ya maye gurbin magani. Kada ka ajiye ƙwayoyinka don ka fara hawa keke.

In za ku fita, ku kiyaye waɗannan:

Mai hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon zuciya, ya fara jin ta bakin likitansa. Mai suga ya ci abinci kafin fita, ya sa dabino ko alewa a aljihu. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko numfashi ya sarƙe, ya sauka nan take a nemi asibiti.

Ku saba tukuna. Makonni kafin hutun, ku riƙa zagaya unguwa na minti 15 ko 20, kuna ƙarawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku yi sammako, ku karya kumallo, ku juyo kafin rana ta take. Kowa da gorarsa, kuma a riƙa kurɓa tun kafin ƙishirwa ta kama. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya da ɗaurewar ƙafa alamu ne cewa zafi ya fara cin jiki: a shiga inuwa, a jiƙa jiki, a sha ruwa. In an yi gumi sosai, ruwan gishiri da sukari na taimakawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In mutum ya rikice ko ya suma, ba a ɗura masa komai, asibiti za a yi.

Tun jajiberi a duba birki da iska da kaca, a ɗauki famfo. Kowa ya sa hular kwano da riga mai haske. A bi hannun dama, ɗaya bayan ɗaya, yaro a gaba babba a baya. A zaɓi hanyar da aka sani, wadda ba ta da manyan motoci da yawa kuma hankali kwance yake a cikinta, a gaya wa na gida inda aka nufa.

Uwargida, kada a bar ki da girki kawai. 'Yan mata ƙanana su ma su hau a cikin unguwa, ke kuma tafiyar ƙafa da sauri ta minti 30 tana cikin lissafin nan.

Mun dawo gida kafin la'asar, muna tafe muna hutawa, da ƙullin gyaɗa da dattijon ya ɗaura wa yaron a keke. Tun daga ranar, sau uku a mako nake fita, kuma shi yaron ne ke tashina. Hutu na gaba na nan tafe. Ka shiga zaure ka kaɗe wa keken nan ƙura, ka tambayi yaranka garin da suke so su gani.

Lafiya uwar jiki. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.